Lissafin Karatun Lukumanu

Lahadi, 14 ga Satumba, 2025

Sunan Lukumanu ya fito. Jami'a ta ba shi gurbi, kuma kwas ɗin da ya nace a kai ne: kula da otal da karɓar baƙi. Shekara huɗu. Ya shigo gida da waya a hannu, Inna ta rangaɗa guɗa tun kafin ta san me za a karanta. Da aka yi mata bayani sai ta ce, "To, ai shi ma karatu ne," ta koma ga tankaɗenta.

Baba ya bari sai bayan la'asar. Ya kira ni zaure. Ya ce na san halin gida, ba abin da za a sayar a bana sai gyaɗa, ita ma tana ƙasa tukuna. Lukumanu ya gaya masa akwai rancen gwamnati na ɗalibai. Ya ce, "Khaula, ke kika karanta tattalin arziki. Ki zauna ki lissafa min. Nawa zai ci bashi, nawa zai samu in ya gama. In riba ce ki faɗa, in faɗuwa ce ki faɗa. Abin da kika ce shi zan bi."

Ya ba ni mako uku. Na ce to. Wai yau ni ce alƙali a kan ƙanina.

Litinin, 15 ga Satumba

Na yi lissafin a ofishin malamai lokacin hutun tara. Kuɗin makaranta dubu ɗari da tamanin a shekara. Na kashewa dubu ashirin a wata. In ya karɓi duka biyun har ya gama, miliyan ɗaya ne da dubu ɗari shida da tamanin. Na rubuta na sake dubawa. Duk gidanmu ba wanda ya taɓa riƙe rabin wannan a hannu.

An ce ba ruwa a kai, kuma sai ya yi shekara biyu da gama hidimar ƙasa za a fara cirar kashi goma cikin ɗari na albashinsa. Da sauƙi a baki.

Talata, 16 ga Satumba

Baffa Halliru ya zo takanas daga Gwangwan. Digirin dafa shinkafa, in ji shi. Wai namiji da gemunsa ya tafi jami'a ya koyo riƙe ludayi, a ci bashi kuma a kai. Ya ce kowa ya san abin da ake yi a otal. Lukumanu yana tsugune yana ji, shi ne ma ya kawo masa shayin da yake kurɓa yana faɗan. Ya shanye ya nemi ƙari.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na nemo mutum biyar da suka yi irin wannan karatu. Kati na ɗari biyar ya tafi.

Bahauddeen yana teburin karɓar baƙi a Abuja, dubu tamanin da biyar, amma ya ce haya da mota suna cinye rabi. Nasiru yana Kano, dubu hamsin da biyar da abinci sau biyu. Wata ta yi aure ba ta aiki. Wani yana sayar da wayoyi. Na biyar an ce yana Saudiyya a masaukin alhazai, ba wanda ya san albashinsa, kowa da abin da yake faɗa.

Tsakanin Bahauddeen da Nasiru, a ce dubu saba'in. Kashi goma, dubu bakwai a wata. Shekara ashirin ke nan yana biya. Yaron da bai cika ashirin ba a duniya.

Abin da ban rubuta a takardar Baba ba, a nan zan rubuta shi. Ni ɗin da Baba ya sayar da shanun huɗarsa biyu na yi digiri, dubu ashirin da takwas nake ɗauka a makarantar kuɗin nan ta Karaye. Shi ya san hamsin. Ni na faɗa masa haka ranar da na fara, don na ga yadda fuskarsa ta haskaka, daga nan kuma na kasa gyarawa. Duk wata ina miƙa masa dubu goma don maganar ta zauna.

Asabar, 20 ga Satumba

Inna ce ta ce in je Rogo wurin Zuwaira, ƙanwar ƙawarta, 'yar Rogo Ruma. Wai ita ma abin da ta karanta ke nan. Na tafi ina zaton mai tuwo-tuwo zan tarar da benci biyu.

Masauki ne mai ɗaki takwas, da wurin cin abinci a gaba. Ba fenti mai tsada, ba komai, amma tsakar gidan kamar a zuba fura a sha. Masu awon hatsi daga Kudu suke sauka, da ma'aikatan rigakafi, da malaman gona. Ta tarbe ni kamar ta san ni tun da daɗewa. Ta gaishe ni, ta tambayi Inna, ta tambayi ciwon gwiwarta. Ni ko ban san ta san da ciwon ba.

Ban kai ga buɗe littafina ba abin ya faru. Tana da odar abincin mutum arba'in na wani taron manoma, ƙarfe ɗaya za a kai. Sha biyu da kwata ta ɗaga murfin miyar taushe, ta ɗanɗana. Ta sake ɗanɗanawa. Ta ce, "Ta juya. A zubar." Mai girkin, wata dattijuwa Kande, ta ce a sa kanwa a ƙara yaji ba wanda zai gane. Anti Zuwaira ta ce, "Cikinsu zai gane, Iya." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki waya ta kira mai taron da kanta, ta ce miya ta lalace a hannunta, abinci zai makara da rabin awa, dafa-duka za ta kawo in ya yarda, kuma za ta rage masa kuɗi. A hannunta, ta ce. Ba ta ambaci kowa ba.

Daga nan sai ka ce an kunna inji. Wannan ya hura murhu na biyu, wannan ta wanke shinkafa, naman da aka soya dabam aka juyo shi. Ta miƙo min wuƙa da kwandon albasa ba tare da ta tambaye ni ba. Ɗaya da minti ashirin da biyar kulolin abinci suna kan babur mai ƙafa uku. Na duba agogo, shi ya sa na sani.

Sai da ƙura ta lafa ta ja Iya Kande gefe, suka gano kabewar jiya ce aka haɗa da ta yau. Ta ce gobe za a rubuta kwanan wata a kan kowace roba. Shi ke nan faɗan.

Na tambaye ta nawa ta yi asara. Ta ce dubu ashirin da shida da ɗari huɗu, ban da itace. Haka ta faɗa, ba ta duba takarda ba. Ni da na yi shekara huɗu ina zana layin buƙata da wadata ban san nawa tukunyar Inna take ci ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Jiya na gaji ban gama ba. Abin da ta faɗa min da muka zauna, yadda na tuna.

Babbar difloma ta yi. Ta fara a wani otal a Kaduna tana shimfiɗa gadaje, albashin bai kai kuɗin atamfa biyu ba. Shekara tara a can. Sallah shida ba ta yi a gida ba. Har yanzu a Rogo Ruma akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwarta da kyau, don ta yi aikin otal.

"Takarda ba ta shimfiɗa gado, Malama. Amma ita ta sa aka ɗaga ni daga gado zuwa sito, daga sito zuwa ofis. Waɗanda muka fara tare ba takarda, na baro su da zanin gado a hannu."

Na nuna mata shekara ashirin ɗina. Na zaci za ta musa. Ta ce lissafina daidai ne in yaron ya tsaya a inda ya fara. "Wasu suna tsayawa. Kada ki ɓoye wa Baba wannan." Sai ta ce in kawo shi ta gan shi.

Ban tambaye ta nawa take samu ba. Kunya ta hana. Na dai ƙirga ma'aikata bakwai.

Laraba, 24 ga Satumba

An fara cirar gyaɗa. Lukumanu ya dafa wa 'yan ƙodago goma sha biyu wake da shinkafa, ya kai gona a kai. Tun shekarar da gwiwar Inna ta kwantar da ita shi ke yi. Mun saba har mun daina gani.

Asabar, 27 ga Satumba

Na kai shi. Ya sa shaddarsa ta Sallah, ya haddace jawabi a mota. Bayan gaisuwa Anti Zuwaira ta ce, "Lukumanu, ɗaki na huɗu baƙo ya tashi. Ga bokiti, ga tsintsiya. Ka fara da banɗaki."

Na ji fuskata ta yi zafi a madadinsa. Shi ko ya cire rigar ya rataye a ƙusa, ya naɗe ƙafar wando ya shige. Minti arba'in. Da ya fito ta shiga, ni ma na bi ta. Ba ta kalli inda ke ƙyalli ba. Ta leƙa bayan ƙofa, ta shafa saman taga da yatsa, ta ɗaga buta ta duba gindinta. Ya wanke har gindin butar. Darduma kuma ya ninke ta ya ajiye ta wajen gabas.

Ta ce, "Wa ya ce ka juya darduma?"

Ya ce, "Baƙo bai san gabas ba a garin da ba nasa ba, Anti."

Ba ta yabe shi ba. Ta ce kusurwar zanin gado ba haka ake soke ta ba, ta warware ta nuna masa, ta sa ya yi sau uku. A hanyar dawowa yana ta ninke hankicinsa a gwiwa yana gwada kusurwar.

Na yi ta kallonsa. Yaron nan da na goya.

Talata, 30 ga Satumba

An biya albashi. An cire dubu biyu, wai na makara sau biyu.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Gobe zan ba Baba amsa. Na juya lambobin ta kowace fuska. Cikin biyar, biyu ne kawai na tabbatar suna aikin. Anti Zuwaira mutum ɗaya ce, kuma mutum ɗaya ba hujja ba ne, haka aka koya mana. Ba zan iya rubuta gindin buta a takarda ba.

Baba ya ce gaskiya yake so.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci. Baba, Baffa Halliru, Lukumanu a bakin ƙofa. Na karanta komai: bashin, mutum biyar ɗin, dubu bakwai a wata, shekara ashirin. Na faɗi na Anti Zuwaira ma, amma a bakina sai ya fito kamar tatsuniya.

Baba ya ce, "A taƙaice?"

Na ce, "A takarda, faɗuwa ce."

Baffa ya ce alhamdulillahi, boko ya yi rana. Baba ya ce shi bai taɓa kwana da bashin mutum ba, ba zai ɗora wa ɗansa na shekara ashirin ba. A bar maganar. Baɗi ya sake jarrabawa ya nemi irin karatun yayarsa, ga ta nan tana ɗaukar dubu hamsin a inuwa.

Irin karatun yayarsa. Na ji kamar an zuba min ruwan sanyi. Ban gyara masa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na jira Lukumanu ya yi fushi da ni. Da ya yi da na samu sauƙi.

Da safe ya kawo min kunun gyaɗa har ɗaki, ya ce, "Yaya, kada ki damu. An tambaye ki ne kin faɗi abin da kika gani." Ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Ban iya shan kunun ba. Na shanye daga baya, da ya huce. Ya sa tsamiya daidai.

Talata, 7 ga Oktoba

Ranar ashirin ga wata za a rufe karɓar gurbi. Lukumanu ya cire hoton takardar gurbin daga fuskar wayarsa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Anti Zuwaira ta kira ta ji yadda aka yi. Na faɗa mata. Ta ce hukuncin uba ne, a bi. Sai ta ce, "Amma Malama, kin auna nasa da me? Awo ai da mudu biyu ake gane tsada." Na ce da sauran karatu. Ta ce, "Wanne?" Na ce kati ya kusa ƙarewa.

Ita ta kira. Katinta ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na faɗa wa Baba.

Na same shi a masussuka da yamma ana tsinkar gyaɗa, na jira mata suka matsa. Na durƙusa na ce akwai layi ɗaya da na bari a lissafin. Na miƙa masa takardar albashina ta watan jiya. Baba ba ya karanta boko amma yana karanta lamba. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake kawowa.

"Ashirin da shida."

Na ce ashirin da takwas ne, an yi yanka. Na ce tun farko haka ne. Na ce cikin 'yan ajinmu da na sani, da yawa ko wannan ba su samu ba. In da shanunsa bashi ne aka ce in biya da kashi goma, da har in tsufa ban gama ba. Na ce ban ce karatun Lukumanu riba ba ne. Na ce dai wanda aka ce ya koma ya nema bai fi shi ba.

Ya sauke takardar. Sai ya ce, "Dubu goman da kike ba ni, daga cikin wannan ne?"

Na ce e.

"Shekara biyu ina cin kuɗin motarki."

Ya miƙo min takardar ya tashi. Bai tsaya an auna gyaɗar yau ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Kwana uku. Ina gaishe shi yana amsawa, iyakarta ke nan. Inna ta ce ba ƙarancin kuɗin ne ya dame shi ba. Ta ce ya sha faɗa a majalisa cewa 'yarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Da duka ya yi min da ya fi sauƙi.

Litinin, 13 ga Oktoba

Baba ya fita da babur tun hantsi da babbar riga, bai faɗa wa kowa inda za shi ba, ana tsakiyar aikin gyaɗa. Ya dawo bayan la'asar ya ce ba zai ci tuwo ba, ya ƙoshi.

Talata, 14 ga Oktoba

Anti Zuwaira ta kira tana dariya. Wai jiya wani dattijo ya zo ya sayi tuwon shinkafa, ya zauna a kusurwa awa uku da kwano ɗaya. Ya ga an yi sallar azahar a jam'i a tsakar gida. Ya ga ta sallami wani da ya zo neman ɗaki na awa biyu, cikin ladabi, har da raka shi bakin ƙofa. Ya nemi ya kewaya, ya daɗe a can, ta tabbata dubawa yake. Da zai tafi ya tambaye ta ko ana cin haram a sana'ar nan. Ta ce masa, "Baba, akwai inda ake ci. Akwai kuma ɗan kasuwar da ke tauye mudu, ba a daina awo ba."

Ta ce tun shigowarsa ta gane shi. Goshin Lukumanu ne sak. Amma tunda bai faɗi sunansa ba, ita ma ba ta nuna ba. "Baƙo yana da haƙƙin ya ɓoye kansa."

Matar nan. Ban san yadda ake zama irinta ba.

Da Baba kuma. Mutumin da bai taɓa cin abincin sayarwa a zaune ba, ya hau babur har Rogo don kada ya yanke wa ɗansa hukunci da jita-jita.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ya kira mu zaure, ni da Lukumanu. Ba Baffa.

Ya ce ya je wurin Liman, Liman ya ce rancen da ba ƙari a kai ba laifi, amma a yi niyyar biya tun ranar karɓa. Sai ya juyo gare ni, karo na farko cikin kwana shida ya kalle ni sosai. "In kuɗin makaranta zalla ya karɓa, ban da na kashewa?"

Na ce dubu ɗari bakwai da ashirin. A dubu bakwai a wata, shekara takwas da 'yan watanni. In albashin ya ƙaru, ƙasa da haka.

"Wannan lissafin ba layin da aka bari?"

Na ce babu, Baba.

Ya ce to. Na makaranta a ranta. Na ci kuma shi zai ɗauka: buhu huɗu na gyaɗa duk shekara, da gero. Duk hutu Lukumanu ya tafi Rogo ya yi aiki, ya riga ya san matar za ta karɓe shi. Ya ce, "Ban ce akwai riba ba. Yayarka ta ce faɗuwa ce a takarda, kuma na yarda da ita. Amma na ga mutum ya san aikinsa, na daɗe ban gani ba."

Lukumanu ya kifa kai a gwiwa. Kafaɗunsa kawai nake gani.

Ni kuma ya ce daga yau kada in sake kawo masa ko sisi. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Mun cike komai a shagon kwamfuta a Karaye. Sau huɗu netwok yana ɗaukewa. Da aka zo wurin zaɓar na kashewa mai shagon ya ce kowa yana karɓa, kuɗi ne a ɓagas. Lukumanu ya ce, "Ba a ɓagas ba ne, ni zan biya." Ya sa aka bar wurin ba a cike ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Baffa Halliru ya ce ba ruwansa. Inna ta ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya ce ba a cikinsa ba. Ta tuna masa da takin bara. Aka canza hira.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na je yi wa Anti godiya. Godiya kawai. Na tarar tana fama da littafin sayayya, rasit a cikin gwangwanin madara, wasu a ƙarƙashin katifa. A ka take riƙe komai, ta ce, amma kan ya fara cika. Na ce bari in ɗan jera mata. Na ɗago kai sai na ji kiran la'asar.

Na gano mai kawo mata itace yana rubuta kaya goma sha biyu yana sauke goma sha ɗaya, tun watan Yuli. Ta ce ta ji a jikinta amma ba ta kama ba. Ba za ta kore shi ba, yana da 'ya'ya tara. Za ta riƙa ƙirgawa a gabansa, zai gane.

Ta ba ni dubu biyar na ƙi. Ta sa a jakata ban sani ba sai a mota.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Rogo. Mun fitar da kuɗin kowane kwano. Wainar da take alfahari da ita faɗuwa take yi da naira arba'in. Ta riƙe baki, ta yi ta dariya. Ta ce shekara huɗun nawa ba su tafi a banza ba.

Ba wanda ya taɓa faɗa min haka. Na shiga sito na ɗan tsaya.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Lukumanu ya tafi. Buhun gero rabi, ƙuli-ƙuli, yajin Inna, katifa a naɗe. Baba ya kai shi tasha da kansa, ya riƙe hannunsa yana ta addu'a har direba ya yi hon sau biyu. Baffa ya aiko da dubu uku ta hannun matarsa, wai kada a ce daga gare shi ne.

Ta tagar mota Lukumanu ya ce, "Yaya, ki ajiye takardar lissafin nan. Ranar da na gama biya za mu duba wa ya ci." Na ce Allah ya sa ni ce na faɗi.

Har yanzu ban san ko daidai muka yi ba. Dubu ɗari bakwai ba wasa ba ne, kuma Nasiru yana nan a dubu hamsin da biyar ɗinsa.

Gidan shiru. Tuwon dare ya yi gudaji, ni na tuƙa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Anti ta ce tana neman wanda zai riƙe littafi da teburin gaba daga Janairu. Dubu arba'in da biyar, da abinci, da ɗaki a gidan yayarta in ana so. Ta faɗa ne tana kallon tukunya, kamar da tukunyar take.

Na ce ni malama ce. Ta ce ta sani.

Ba zan yi ba. Me za a ce a garinmu Kafin Dafga, ɗa a otal, 'ya a otal.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na je ne don in rufe mata lissafin wata, ba wani abu ba. Ta tafi kasuwa ta bar ni da littafi.

Wajen sha ɗaya wata mata ta shigo da tsohuwa a jingine da kafaɗarta, daga asibiti suke, an ce su dawo gobe da sassafe, garinsu da nisa. Ba kowa a gaba. Na tashi na karɓi jakar. Na ba su ɗaki na biyu don ya fi kusa da famfo kuma ba matakala. Na sa Iya Kande ta dama kunu mara yaji. Matar tana ta tambaya ko wurin da tsaro, su mata ne su kaɗai, ba su taɓa kwana a masauki ba.

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. A wurinmu ba abin da zai same ku."

Anti tana bakin ƙofa da kwandon tumatir, ban san ta dawo ba. Ta wuce kicin.

"Wurinmu" ɗin nan, baki ne ya suɓuce. Ban amsa mata maganar aikin ba tukuna.

Gobe dai zan samu Baba da maganar bayan la'asar, in ya dawo daga gona.